Direbobin Apapa da Taurarin Najiba

Najiba haifaffiyar Agege ce, a Legas. Ta tashi a gidan da kakan kakanta ya gina bayan ya ajiye kakin soja, gidan da har yau danginta ba su yarda a rushe ba, ba su kuma yarda a gyara ba. Ta karanta kwamfuta, ta yi yawon neman aiki har takalminta ya cinye, daga ƙarshe ta kama ɗan teburi a shagon ƙawarta Fareeda kusa da layin dogo. A nan take sa wa mutane manhajoji a waya, tana dawo musu da hotunan da suka goge da hannunsu suka ce waya ce ta haɗiye.

Tsakanin kwastoma da kwastoma ta ƙera wasan waya, ta sa masa suna Sai Apapa. Mai wasa zai tuƙa tankar mai daga Agege har ƙofar tashar jiragen ruwa ta Apapa, yana kauce wa motocin haya na danfo da baburan okada da ramuka. Kyauta ake saukewa. Ita abin da take samu daga tallace-tallacen da ke leƙowa a tsakiyar wasan ne, shi kuwa talla sai da 'yan wasa. A kasuwar manhajoji, duk wanda ya yi wasa yana da damar ya rubuta sharhi ya ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Wasan da ya tara taurari sai a ɗaga shi sama inda kowa zai gan shi. Wanda ya rasa kuwa sai ya nutse can ƙasa, inda ko mai shi sai ya yi tambaya kafin ya same shi.

Da farko mutum uku suka sauke wasan: ita, da Fareeda, da wani bawan Allah a wata ƙasa da sai da ta duba taswira kafin ta san tana duniya. Shi ma bai daɗe ba ya goge.

Ana nan sai ga Kawu Ladan, ƙanin mahaifiyarta, direban tanka. Motarsa tana kan layi a Apapa, layin da mutum kan shiga da sabon aski ya fito da suma. Ya bar ta a hannun maƙwabcinsa na layi, ya hau danfo ya zo gida don ya yi wanka ya ci tuwon mahaifiyarsa Iyatu. Najiba ta karɓi wayarsa ta sa masa wasan, ta ce ya riƙa rage zaman jira da shi.

Washegari ta ga sharhinta na farko a duniya. Tauraro ɗaya ne, a ƙarƙashinsa an rubuta: "Tanka babu hon. Bebiya ce? A gaishe min da Iya."

Nan take ta kira Kawu Ladan.

"Kawu, ni za ka ba tauraro ɗaya? Ni 'yar yayarka?"

"Ai ban ce wasan ba shi da kyau ba," in ji Kawu Ladan, yana taunar wani abu. "Tun jiya ban ajiye shi ba."

"To me ya sa ba ka ba ni biyar ba?"

"Da na ba ki biyar za ki kira ni? Rabon da in ji muryarki a waya tun babbar sallah."

Ta zauna ta sa wa tankar hon, irin mai waƙar nan da ke sa kaji su watse, ta tura sabuntawa kyauta. Kafin la'asar tauraron Kawu ya koma biyar. Shi kuwa ya bi layi mota-mota yana danna wa abokansa hon a kunne, yana cewa 'yarsa ce injiniyar, kuma magana ɗaya ya yi ta gyara.

Haka wasan ya bazu a Apapa. Direban tanka ya ba na tirela, na tirela ya ba mai shayi, mai shayi ya ba duk wanda ya zauna a bencinsa. Su ba sa cewa sabuntawa. Gyara suke cewa, irin gyaran da mai tumatir kan ƙara maka bayan ka saya. Najiba ta ji daɗin sunan. Ba ta san abin da ke tafe ba.

Wata safiya ta tashi ta tarar taurarinta sun zube kamar an girgiza bishiya. Mutanen da jiya suka ba ta biyar duk sun koma ɗaya. Tana cikin tunanin ko wasan ne ya lalace, sai ga saƙon murya a zauren dangi na waya. Kawu Ladan ne ya tura bisa kuskure, maimakon ya tura wa direbobi. Muryar wani mutum ce mai kauri, ana jin ƙarar janareto a bayansa. Daga baya ta san shi ne Mu'azu, ciyaman na direbobin da ke layin.

"'Yan'uwa," in ji muryar, "na yi nazari a kan yarinyar nan, na gano kanta. Tauraro ɗaya shi ne giyar da take tashi da ita. Biyar kuwa birki ne. Idan muka ba ta biyar, sai ta kwanta. Saboda haka daga yau mun kafa Kwamitin Taurari. Ba wanda zai ɗaga ko ya sauke sai da izinin kwamiti. Buƙatarmu ta wannan makon ita ce mai shayi a cikin wasa. Ku ce amin."

Aka ji amin kamar a filin idi.

Najiba ta rantse ba za ta sa mai shayi ba. Amma da ta ga wasanta yana gangarowa ƙasa a kasuwar manhajoji, har ya koma bayan wani wasan ƙirga tumaki, sai ta buɗe kwamfuta. Ta zana mai shayi da tukunyarsa da gwangwanayen madara. Taurari suka tashi gaba ɗaya kamar tsuntsaye. Ta yi ajiyar zuciya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka sake faɗowa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Aka nemi tabarma a ƙarƙashin mota don direba ya kishingiɗa, ta sa. Aka nemi igiyar shanya tsakanin tanka da tanka, ta ɗaura. Wani ya ce shi ba zai ɗaga tauraronsa ba sai an rubuta sunan mahaifiyarsa a bayan motar, kwamiti ya goyi bayansa, sai kowa ma ya tuno yana da uwa. Wani kuma ya rubuta: "Wallahi ban taɓa ganin wasa mai daɗin wannan ba. Tauraro ɗaya, don kada ta yi girman kai."

Wanda ya fi ƙona mata rai ma daga cikin gida ya fito. Ta ga sharhi da sunan kakarta Iyatu, tauraro ɗaya, ba ko kalma. Ta same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Iya, ke ma? Har kin san hanyar kasuwar manhajoji?"

"Maƙwabciya ce ta danna min," in ji Iyatu, tana murmushin alfahari. "Ta ce in zaɓa daga ɗaya zuwa biyar. Na ce jikata tun tana firamare ba ta taɓa zuwa ta biyar ba. Ta ɗaya take zuwa. Ko so kike in ba ki na biyar kamar wata daƙiƙiya?"

Najiba ta yi bayani har bakinta ya bushe. Iyatu ta ce ita dai ba za ta rage wa jikarta daraja a idon duniya ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Aiki ya yi wa Najiba yawa. Idanunta suka yi ja, wuyanta ya sage, kwastomomin teburinta suka koma shagon gaba. Bikin ƙanwar Fareeda ma a ƙofar zauren biki ta yi shi, kwamfuta a kan cinya, tana zana akuya, domin kwamiti ya ce tanka ba ta cika tanka ba sai da akuya ɗaure a samanta. Da akuyar ta fito, sai wani ɓangare na direbobin ya ce ta yi kama da wani abokinsu mai gemu, kuma da gangan aka yi. Rabin kwamiti ya ce a cire ta, rabi ya ce idan aka cire ta za su ajiye wasan. Kowane ɓangare ya ba ta tauraro ɗaya don ya nuna da gaske yake.

"Abeg, Najiba, don Allah ki dube ni," in ji Fareeda. "Kin zama mai tuwon da idan an zage ta sai ta ƙara miya. Wa zai daina zaginki? Ni ma da na san haka ne, da tuni na ba ki ɗaya kin share min shago."

"To in ƙi yi, wasan ya mutu?"

"Ke ki mutu shi ya rayu ke nan?"

Ranar da tura ta kai ta bango, sharhin Ciyaman Mu'azu ne da kansa ya kai ta. Ya rubuta: "Wasan nan akwai ƙarya a cikinsa. Wa ya taɓa shiga Apapa a guje? A gyara, ko mu ɗauki mataki."

Najiba ta karanta, ta sake karantawa, sai ta yi wata 'yar dariya da ta sa Fareeda ta matsa gefe. Gaskiya suke so? To za su sha gaskiya. Ta buɗe kwamfuta ta cire titi, ta cire danfo, ta cire ramuka, ta cire gudu gaba ɗaya. Ta jera duk masu wasan a layi ɗaya tak, kowa da lambarsa, kowa yana ganin bayan motar da ke gabansa. Ba abin da za ka yi sai zama. Can ba zato, a lokacin da ita kanta ba ta sani ba, layin zai motsa kamar taku ɗaya. Idan ba ka danna a take ba, na bayanka ya haye gurbinka. Shi ke nan wasan. Ta tura, ta kashe waya, ta ce gobe kowa zai goge, ita kuma ta huta ta koma dawo da hotunan mutane.

Da ta kunna wayar, sai da ta yi zafi a hannunta saboda shigowar saƙonni. Biyar, biyar, biyar, har ba ta ganin ƙarshensu. Wani ya rubuta: "Na yi kuka." Wani ya ce: "Tun safe nake kallon bayan motar nan, ban motsa ba. Allah Ya yi wa iyayenki albarka." Ciyaman Mu'azu ya rubuta cewa kwamiti ya zauna, ya duba, bai sami abin gyara ba, saboda haka ya rushe kansa.

Wasan ya haura sama. Masu tumatir na kasuwar Mile 12 suka shiga layi, 'yan dako na Ketu suka shiga, matan kasuwar Oyingbo suka shiga. Har wata baturiya daga can wata ƙasa mai sanyi ta rubuta doguwar magana cewa wasan ya koya mata haƙuri fiye da duk malaman da ta biya, tana tambaya ko Apapa sunan wani waliyyi ne.

Najiba ta huta, hutu na gaske. Ta yi barci, kumatunta suka dawo, ta je bukukuwa ta yi rawa hannu biyu ba kwamfuta. Ta san akwai kurakurai a wasan. Akuyar nan, alal misali, ta rabu da saman tankar tana shawagi a iska, mai shayi kuma wani lokaci kansa yakan juya baya. Amma wa zai taɓa abin da ke da taurari biyar? Ko da ta yi tunanin gyara akuyar, sai ga saƙo daga Ciyaman: "Injiniya, mun ji ƙishin-ƙishin kina son taɓa wasa. Idan kika taɓa ko da wutsiyar akuyar nan, kwamiti zai dawo." Ta rufe kwamfutar ta tafi cin wake da burodi.

Bayan 'yan makonni man fetur ya fara wuya a gari. Layuka suka miƙe a gidajen mai, kuɗin danfo ya tashi, janareton shagon Fareeda ya yi shiru. Najiba ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka irin wahalar man da aka saba ce. Ita ma ta bi layi da jarkarta, ta ga na gabanta da na bayanta duk sun sunkuyar da kai suna wasanta.

Rannan da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Wani mutum mai tumbi da rigar aiki ya fito yana share gumi, ya ce Najiba yake nema. Iyatu ta dube shi sama da ƙasa, ta shimfiɗa masa sabuwar darduma, ta fara tambayarsa asalinsa da ko iyayensa suna raye. Sai da Najiba ta fito ta ce, "Iya, ba abin da kike zato ba ne," sannan tsohuwar ta janye kwanon cincin ɗin da ta ajiye masa.

Ya ce sunansa Shamsuddeen, jami'i ne a ofishin da ke kula da shige da ficen manyan motoci a hanyar tashar.

"Hajiya, ke ce mai Sai Apapa?"

"Ni ce, Oga. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Shekara da shekaru ana zaginmu a kan layin nan. Yanzu Allah Ya taimake mu an gyara hanya, mun buɗe ƙofa, mun ce motoci su shigo. Ba wanda ya motsa. Mun yi shela, mun busa usur, mun ɗaga tuta. Direban da ke gaba ya ce ba zai ɗora hannu a sitiyari ba, don kada layin waya ya motsa yana tuƙi a haye gurbinsa. Na bayansa ma haka. Ga mai a tasha jibge, ba mai ɗauka. Wannan wahalar man da kike gani, taki ce."

Najiba ta zauna a kan turmi.

"Me kake so in yi?"

"Ki yi musu gyara. Ko me za ki yi, ki yi, su dai tashi."

"Oga, idan na taɓa wasan nan tauraro ɗaya za su ba ni, su duka."

"Mu ma a ofis za mu iya ba ki ɗaya," in ji shi, "muna da yawa." Sai ya waiga ya ga Iyatu ta shige ɗaki, ya rage murya, ya zaro wayarsa. "Af, tun da ga ni ga ki. Dubi lambata. Ina can baya, bayan wata mai sayar da kifi. Ba yadda za a yi a ɗan matsar da ni? Ba sai gaba can ba."

Ta ce babu. Ya ce ya fahimta, ya mayar da wayar aljihu, amma bai daina taɓa ta ba.

Ta ce sai ta gani da idonta. Ya ɗauke ta a motarsa suka nufi Apapa. Tun da take ba ta taɓa jin unguwar nan shiru haka ba. Tankoki da tireloli sun yi jere har iyakar gani, ba hon, ba zagi, ba rediyo. A ƙarƙashin kowace mota ga mutane zaune a tabarma, kai a sunkuye, babban yatsa a tsaye a saman waya kamar mai jiran kama ƙuda. Mai shayi ya bar ruwansa yana tafasa har ya ƙone. Can gaba ƙofar tashar a wangale, wani ma'aikaci yana kaɗa tuta da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da waya.

Ta sami Kawu Ladan a gindin tayarsa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau, 'yar nan," in ji shi, bai ɗago ba. "Matsa kaɗan, kina tare min haske."

Aka kai ta wurin Ciyaman Mu'azu. Ta zaci za ta ga ƙato, sai ta ga ɗan siririn dattijo da tabarau ɗaure da zare. Ya ba wani ya riƙe masa wayar, da sharaɗin idan aka haye gurbinsa a bakin aikinsa, sannan ya juyo gare ta.

"Injiniya da kanta. Sannu da zuwa."

"Ranka ya daɗe, ga ƙofa can a buɗe. Layin gaske ya tashi. Me kuke jira?"

Ya gyara tabaransa ya dubi ƙofar kamar yau ya fara ganinta.

"Wancan layin, Injiniya, na yi shekaru a cikinsa. Kana na gaba, sai ka ga wani ya zo daga baya da takardar wani babba ya wuce ka. Ka yi magana a ce ka cika surutu. Naki kuwa, ko ɗan gidan wa kake, lambarka lambarka ce. Jiya na haye gurbin wani mai gidajen mai saboda ya tafi bayan gida. Ni Mu'azu. Kin san daɗin da na ji? Ki bar mana abinmu."

Maganar ta shige ta, har ta ji kamar ta juya ta tafi. Amma ta tuno layin gidan mai, ta tuno janareton Fareeda, ta kuma dubi kawunta da ko wanka ya daina zuwa yi. Ta ce wa Ciyaman ta ji, za ta yi tunani. Ya ce ta yi tunani da kyau, don taurari a hannunsu suke.

A ofishin Shamsuddeen ta yi aikin, don can ne kawai ake da wuta a unguwar. Dabarar da ta ɓullo da ita mai sauƙi ce. Daga yanzu layin wasa ba zai motsa don ka danna ba. Wayar ce za ta ji ko kana tafiya. Idan motarka ta yi gaba, lambarka ta yi gaba. Idan kana tuƙi fuskar wayar za ta rufe, sai ka tsaya sannan ka ga inda ka kai. Ta yi bismilla ta tura.

Taurari suka zube a take, har da na baturiyar nan. Amma ba a jima ba sai aka ji wata tanka ta yi tari ta tashi. Ta biyu ta bi. Kafin ka ce me, Apapa ta cika da hayaƙi da hon. Shamsuddeen ya rungume ma'aikacin da ke kusa da shi, ya ruga taga don ya ga motoci suna shiga tasha.

Ba ko ɗaya da ta shiga. Direbobin sun yi lissafi tun kafin Najiba ta yi: daga layi zuwa ƙofar tasha tafiya ce 'yar kaɗan, ba za ta matsar da mutum ko'ina a wasa ba. Saboda haka kowa ya juya kan motarsa ya nufi babbar hanyar Ibadan, inda za a yi tafiya mai tsawo. Tankoki ba mai, tireloli ba kaya, suka yi ta kwarara daga Legas. Waɗanda ba su da mota suka hau danfo suka ce wa kwandasta ya kai su duk inda ya ga dama. An ga mai shayi a bayan okada, rungume da tukunyarsa, ya nufi Ikorodu.

Kafin yamma titin Apapa ya zama fili, yara suka kafa duwatsu suna buga ƙwallo. Aka kira Shamsuddeen daga sama aka yaba masa, aka ce ba a taɓa samun jami'in da ya share hanyar nan haka ba. Can kuma aka sake kiransa aka tambaye shi ina motocin.

Najiba ta koma gida a ƙafa rabin hanya, don danfo duk sun tafi yawon lamba. Washegari da safe tana shan koko wayarta ta yi ƙara. Kawu Ladan ne, yana ihun murna.

"Najiba! Na iso! Ni ne na farko! Na wuce Ciyaman tun a Shagamu, tayarsa ta fashe. Yanzu ina gaba da Ibadan, na tsaya na duba, ga ni a bakin ƙofar cikin wasan, ta buɗe!"

"Barka, Kawu."

"To amma na shiga, ban ga komai ba. Fari fat. Ko wayata ce?"

Najiba ta daina shan kokon. Ba ta taɓa zana komai a bayan ƙofar nan ba, don ba ta taɓa zaton wani mahaluki zai kai can ba. Kuma ga dubban mutane a bayansa suna tafe, kowa da tauraronsa a hannu.

"Kawu, kada ka gaya wa kowa tukuna. Ni ban taɓa shiga tashar nan ba. Don Allah idan mutum ya wuce ƙofar, a gaske, me yake tararwa? Teku? Jirage?"



"Wani layin," in ji shi.

Ta ajiye kofin, ta ari wuta a gidan maƙwabta, ta kwafi layin farko ta manna shi a bayan ƙofa. Sai dai wannan karon ta sa shi ya riƙa tafiya da kansa, a hankali, ko ka danna ko ba ka danna ba, ko kana tafiya ko kana barci, ba mai haye gurbin wani. Kafin kokonta ya huce ta gama ta tura.

Da labari ya bazu cewa gudu ya daina amfani, motoci suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗauki mai, gidajen mai suka buɗe, janareton Fareeda ya tashi. Ciyaman Mu'azu ya sake kafa kwamiti don a yanke hukunci a kan Injiniya, aka yi ta muhawara har aka kusa dambe, wasu na cewa ta ci amana, wasu na cewa ta kyauta. Da aka kasa daidaitawa sai kowa ya ba da abin da ransa ya so, taurarin suka tsaya a tsakiya, ba yabo ba fallasa. Najiba ta gano a nan ne ake samun barci: ba wanda ya ji haushinta har ya tsananta mata, ba kuma wanda ya so wasan har ya hana ta taɓa shi. Ranar da ta ga dama ta sauko da akuyar daga iska, ba wanda ya ce uffan.

Kawu Ladan ne ya fi kowa nisa, don haka shi ya fi kowa daɗewa bai dawo ba. Ya biyo ta Agege ya sauke wa Iyatu doya da garin alabo da ya sayo a hanya, ya yi wanka, ya ci tuwo, sannan ya ja tankarsa zuwa Apapa. Kafin tafiyar nan yana dab da ƙofa. Yanzu ya tarar layi ya sake haɗuwa, gurbinsa na can ƙarshe, a kan gada, bayan wata tirela mai ɗauke da buhunan siminti. Ya kashe mota, ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ɗaura igiyar shanya. Duk direban da ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi da girmamawa, wasu har da cire hula, shi kuwa ya ɗaga musu wayar su ga lambarsa ta ɗaya.